Taku Arba'in Daga Bakin Ruwa

Ni ne mutumin da ya auna tafkin bayan unguwarmu da ƙafarsa. Duk wanda ya ce maka injiniya aka turo daga Sakkwato, to rufa mini asiri yake yi, kuma ban roƙe shi ba. Allah ya yi ni dogo, kuma a duk shekarun da na yi ina koyarwa a firamare nan Illela tsawon nan bai tsinana mini komai ba sai goge saman allo da ciro wa maƙwabta kaya daga kan rufi. Sai a shekarar da aka kafa dokar taki ne hukuma ta gano cewa ƙafafuna dukiyar al'umma ne.

Tafkin yana bayan gari, ta hanyar gonakin da ake ratsawa in za a Ƙonni ba ta bakin shingen kan iyaka ba. Da damina yakan cika ya batse, da rani ya riƙa janyewa sannu a hankali har ya koma ɗan kaɗan a tsakiya. A nan mata ke wanki, a nan Fulani ke shayar da shanu, a nan magina ke ɗibar ruwan kwaɓa ƙasa. Akwai kuma kifi: tarwaɗa, da karfasa, da gaiwa mai shigewa laka ta kwanta har ruwa ya dawo.

Mai kula da shi Kawuna ne, wan mahaifiyata. Ana ce masa sarkin ruwa, amma sarautar ba ta da rawani, ba ta da albashi, ba wanda ya taɓa buga masa ganga. Gadonta ya yi wurin mahaifinsa, tare da tsohuwar homar kamun kifi da goran iyo. Dokokinsa biyu ne kacal, kuma ba a rubuce suke ba. Ta farko, ba mai kama kifi sai ranar da ya buɗe ruwa, sau ɗaya a shekara, da bazara, wato ranar su, da kowa ke shiga kamun kifi. Ta biyu, akwai itatuwan giyayya da suka zagaye tafkin, kowanne da zanen da ruwan damina ya bari a jikinsa, to ba mai sa fartanya daga gindinsu zuwa ƙasa. Ba shi da ɗan sanda, ba shi da kotu. Bakinsa kawai gare shi, kuma wanda Kawu ya taɓa wanke shi a gaban jama'a ya san gara a ci shi tara.

Ranar su kuwa gari ne ke tashi. Mutanen Tozai da na Gidan Katta su zo, na Ƙonni su tsallako da homarsu a kafaɗa, masu ƙosai da masu kunu su kafa kasuwa a ƙarƙashin giyayya, naira da sefa suna cuɗanya a faranti ɗaya. Kawu ne ke fara shiga, ya yi bisimilla, ya nitsa homa. Kifin farko da ya fito na 'yar gida ne, wato mahaifiyata. Da ta rasu bai daina ba, sai ya riƙa aikowa da shi gidana. Ba ya faɗin komai a kai, ni ma ba na faɗi, amma duk shekara matata takan tanadi mai da albasa tun da safe.

Albasar ce ma ta fara kawo magana. Da kuɗinta ya fito fili, duk mai ɗan fili a saman tafkin ya koma lambu, takin zamani ya shigo buhu-buhu, kamfa da na gishiri. Ruwan sama ya riƙa wanko saura yana kai wa tafki. Shekara biyu a jere Kawu ya ga ruwan yana sauya launi wajen ƙarshen rani, kifin kuma yana raguwa. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi: ya sa babbar riga ya kai kuka wurin mai unguwa, mai unguwa ya kai gaba, na gaba ya kai gaba. Ni na rubuta masa takardar koken ma. Har yau in na tuna sai in ce da ma alƙalamin ya ƙi rubutu, don garin neman gira ne muka rasa ido.

Hukuma ta ji, ta kuma yi abin da ta fi iyawa, ta kafa kwamiti. Shugaban kwamitin wani Alhaji ne, babban dillalin albasa, wanda rabin lambunan da ke zagaye da tafkin nasa ne. Aka ce shi ya fi kowa sanin wurin. Gaskiya ne, kura ma ta fi kowa sanin inda aka ajiye nama. Aka sa malamin gona, wani bawan Allah mai sanyin murya da ya daɗe da gajiya da gaya wa mutane abin da ba za su yi ba. Aka sa ni sakatare saboda kyan rubutuna. Kawu kuwa ba a sa shi ba, wai ba ya karatun boko, amma an yarda ya riƙa zuwa yana rufe taro da addu'a.

Ba zan ɓoye ba, sunan nan ya yi mini daɗi. Shekara da shekaru ana ce mini Malam, kamar yadda ake ce wa mai gyaran keke da mai sayar da goro, sai ga shi dare ɗaya na zama Sakatare. A kasuwar Lahadi mutane na ɗaga hannu daga nesa suna cewa “Sakatare, ina gajiya?” Na sayi jaka mai zif. Matata ma in tana son tsokana sai ta ce “Sakatare, ga tuwo.” Mutum ɗaya ne ya ƙi kiran sunan ko da wasa. Kawu “ɗana” yake ce mini tun ina tsirara, kuma bai ga dalilin da jaka mai zif za ta sauya wannan ba.

Zama uku muka yi kafin doka ta fito. Kowa ya yarda a hana zuba taki kusa da ruwa, amma kusa ɗin nawa ne? Malamin gona ya ce a yi nisa sosai. Alhaji ya ce taku ashirin ya isa, ai taki ba ƙafa gare shi ba. Aka yi ta ja, aka sha lemo, aka tashi, aka dawo. Daga ƙarshe wani dattijo ya ce a yi arba'in, domin arba'in lamba ce mai albarka, mai jego arba'in take yi, mamaci ma arba'in ake yi masa. Ba wanda ya iya ja da wannan hujja. Na rubuta da hannuna, da kyakkyawan rubutun nan da aka ɗauke ni dominsa: an hana zuba takin zamani a cikin taku arba'in daga bakin ruwa.

Wannan a ƙarshen damina ne, tafki na cike har gindin giyayya. Da a makon aka auna, da ba ni da labarin da zan ba ku. Amma doka ba ta tafiya haka tsirara. Sai an sassaƙo turaku, sai an sayo jan fenti, sai an rubuta allon sanarwa, sai kuma an sami ranar da babban baƙo daga sakatariya zai iya zuwa a ɗauki hoto. Turaku suka samu, fenti bai samu ba. Fenti ya samu, baƙo ya tafi Umra. Baƙo ya dawo, aka ce mai rubuta allo ya rubuta “taki” da ƙ mai lanƙwasa, sai an goge. Muna nan har rani ya ƙare, bazara ta shigo, aka yi su na shekarar aka gama, ruwa ya janye ya koma bai fi filin masallacin Idi na ƙauye ba. A lokacin ne komai ya kammala.

Ranar awo aka nemi tef ɗin malamin gona aka rasa. An are shi tun bara wajen rabon filaye, kuma abin da aka ara a ofis ya tafi ke nan. Sai Alhaji ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce ai doka taku ta ce, ga kuwa mai taku Allah ya ba mu. Aka yi dariya, ni ma na yi, ina jin kaina na daɗa tsawo.

Muka ɗunguma, baƙo a gaba da lemarsa, mu a baya, masu ɗaukar turaku a bayanmu. Muka iso gindin giyayya inda Kawu ke zaune yana ɗinkin homa. Muka gaishe shi muka wuce, muka gangara cikin busasshiyar laka mai tsattsagewa.

Kawu ya ɗago kai ya ce, “Ɗana, ina za ku?”

Na ce, “Za mu bakin ruwa, Kawu, can za a fara awo.”

Ya ce, “Yo ai kun wuce shi. Ga bakin ruwa nan.” Ya miƙe ya ɗora hannu a kan zanen da ke jikin itacen. Zanen ya kai masa ƙirji.

Alhaji ya yi murmushi irin na wanda ya saba ciniki. Ya ce, “Sarkin ruwa, takarda bakin ruwa tac ce, ba ta ce bakin icce ba.”

Malamin gona ya yi gyaran murya ya ce a ganinsa inda ruwa ke kaiwa da damina ake nufi. Alhaji ya juya ya ce, “Malam, kai ka ga ruwa nan wurin? Mu ba mu auna abin da babu. In ruwa sun taho su kawo ƙara.” Aka sake dariya. Baƙo ya dubi agogonsa, don an gaya masa akwai gasasshen rago na jira a gidan Alhaji. Sai ya ce Sakatare ya karanto abin da aka rubuta, a huta.

Duk ido ya dawo kaina. To ni na san gaskiya fiye da kowa a wurin in ban da Kawu. A gindin wannan itacen, daidai inda baƙo ya tsaya da takalminsa mai sheƙi, na taɓa nitsewa ina ɗan shekara bakwai, Kawu ya finciko ni ta ƙafa ya juye ni ruwa na fita ta hanci. Kalma shida ta ishe ni, in ce abin da muke nufi ke nan. Amma na buɗe jaka mai zif, na ciro takarda, na karanta da muryar da nake karanta sakamakon jarrabawa: daga bakin ruwa. Na ninke takardar na mayar cikin jaka. Kawu ya dube ni, ya koma kan ɗinkinsa.

Sai na ce bari in rama masa ta wata hanya. Da na tsaya a bakin ɗan ruwan da ya rage na juya baya, na riƙa buɗe ƙafa iyakar ƙarfina, har wandona na barazanar yagewa. Jama'a na ƙirgawa da ƙarfi. Da aka kai arba'in na ƙara biyu fisabilillahi, ba wanda ya hana. Aka kafa turke, aka shafa masa ja, aka tafa. Haka na zagaye ruwan ina tiƙar tafiya, zufa na zuba, ina ganin na yi wa Kawu babban alheri. Daga turken ƙarshe zuwa giyayya kuwa akwai tafiyar da ta fi wadda na yi sau uku, ban dai ƙirga wannan ba don ba a sa ni ba. Aka kafa allo, baƙo ya yi jawabi a kan muhimmancin ruwa ga rayuwa, aka ɗauki hoto, ni a tsakiya saboda tsawo. Kawu bai zo rufe taro da addu'a ba, wani aka sa.

Damina ta sauka, ruwa ya dawo gidansa bai nemi izinin kwamiti ba. Turakunmu suka nitse ƙurmus. Allon ne kaɗai ya rage kansa a waje, can tsakiyar tafki, belbelu suna sauka a kai suna yi masa ado da fari. Wurin da muka haramta zuba taki ya zama wurin da ba mai iya zuwa sai kifi da kwaɗi, kuma in za a faɗi gaskiya ba a taɓa kama ko ɗayansu da buhun kamfa ba. Sau biyu muka je duba aiki. Mukan tsaya a kan tudu, mu sa hannu a goshi, mu hangi allo, mu gyaɗa kai. Na rubuta rahoto cewa jama'a sun ba da haɗin kai yadda ba a zata ba.

Abin dariya ne har zuwa nan, kuma mun yi dariyar. Da ruwa ya fara janyewa ne na gane abin da ƙafafuna suka yi.

Wata safiya aka ga ma'aikatan Alhaji sun gangara ƙasan giyayya suna tada fangali a kan lakar da ruwa ya bari. Tun zamanin kakanni ba a taɓa ganin fartanya a wurin ba. Kawu ya zo da sandarsa da bakinsa, ya fara. Alhaji ya bar shi ya yi mai isarsa, sannan ya nuna allon da ke can cikin ruwa ya ce, “Sarkin ruwa, da can ba mu da iyaka, shi ya sa muka bin taka. Yanzu hukuma ta sa tata, kai kak kirawo ta. Daga allon can zuwa nan halas na. In kana ja, ga ɗanka nan, shi yat taka da ƙahwatai.”

Kawu ya juya da sandarsa ya tafi. Dokar da ta yi shekaru aru-aru ba takarda, takarda ta kashe ta a safiya ɗaya. Kafin wata ya mutu kowa ya sauko. Ruwa na ja da baya, mu muna binsa da dashe, duk tafin hannun da ya bushe sai a yi masa fangali.

Na ce “mu”, kuma ba kuskure na yi ba. Alhaji ya aiko aka ce mini ya ware wa Sakatare fangali shida, shi ma ya taɓa, ai wahalarsa ce. Na ce zan yi shawara. Shawarar ba ta wuce daga ƙofar gida zuwa ɗaki ba.

Ƙasar cikin tafki baƙa ce wuluk, mai maiƙo, ko tsinke ka soka sai ya yi ganye. Ba ta buƙatar komai. Amma mu mutanen nan mun yi imani cewa albasar da ba ta ci takin gishiri ba marainiya ce. Kuma ba da abin da ƙasa ke so muke awo ba, da maƙwabci muke awo. In ya watsa hannu ɗaya, ni biyu, don kada a ce na gaza. Malamin gona ya yi ta yawo da murfin kwalba a aljihu yana nuna mana abin da ya isa, muna ce masa ya kai wa masu shan magani. Injin ban-ruwa na jan ruwa daga tafki, ruwan ya ratsa fangali ya kwashi gishirinsa, ya gangara ya koma inda ya fito. Da can sai taki ya jira damina kafin ya isa tafkin. Yanzu kullum muke kai masa har gida.

Wata rana ina tsugune ina watsawa sai na ga inuwa a kaina.

“Sannu da aiki, ɗana.”

“Yawwa, Kawu. Ina kwana?”

“Lahiya lau. Gishirin ga mai yawa haka, miya za ka yi?”

Na ce, “Ai muna bayan turaku, Kawu. Doka ba ta hana nan ba.”

Ya ce, “Ashe. To kihin, an gaya musu wurin da turakun suke?”

Ya wuce. Na tsaya da gishiri a hannu, raina ya ɓaci, kuma ba shi na ji wa haushi ba. Duk da haka na ƙarasa watsa abin da ke cikin kwanon, don an riga an saya.

Da zafi ya fara, ruwan ya zama kore shar kamar miyar kuka, gansakuka ta rufe shi, wani wari na tashi in iska ta juyo. Mata suka fara ƙorafin ƙaiƙayi a hannu, fararen kaya suna fitowa da dabbare. Wani Bafulatani da ya saba shayarwa a wurin ya kawo shanunsa, suka sunsuna suka ɗaga kai. Ya dube mu ya ce nagge ba ta je makaranta ba amma ta karanta, ya kaɗa su ya yi arewa. Mun yi dariyar wannan ma.

Kawu ya zo gidana da kansa, abin da bai cika yi ba. Ya ce da sassafe yana ganin kifi na tasowa sama suna buɗe baki kamar masu neman iska, har tarwaɗa. Ya ce bana ba za a jira lokaci ba, Asabar mai zuwa zai buɗe ruwa, a kwashe abin da za a kwashe, a rage musu cunkoso ko saura su kai damina. Ya ce in gaya wa mutanena.

Na gaya musu. Alhaji ya ce ina! Albasa saura mako biyu a cire, yanzu a saki mutanen Tozai da na Ƙonni su tattake lambuna? Dukiyar mutane ce. Kowa a zauren yana da fangali, har da ni, sai aka ga maganar Alhaji cike take da hikima. Aka yanke cewa su ya dakata sai an cire albasa, aka ce Sakatare ya rubuta wa sarkin ruwa. Mutumin da ba ya karatun boko aka rubuta wa takarda, don ba mai ƙarfin halin gaya masa da baki. Ni na rubuta, ni na kai, ni na karanta masa a zaurensa. Ya saurara har ƙarshe, ya karɓa ya ninke ya sa ƙarƙashin tabarma. A tarihin gidansu ba a taɓa gaya wa sarkin ruwa ranar da zai buɗe ruwa ba.

Saura kwana huɗu sabuwar ranar ta cika na fita da safe zan yi ban-ruwa na ƙarshe. Tun daga giyayya wari ya tare ni. Da na gangara sai na ga tafkin ya yi fari. Na ɗauka belbelu ne, sai da na matsa. Cikin kifi ne, duk sun juye, manya da ƙanana, sun rufe ruwan daga wannan baki zuwa wancan. Shirwa na shawagi. Allonmu na tsaye a gefe, yanzu a kan busasshiyar ƙasa, jajayen turaku sun fito reras suna gadin abin da aka ba su.

Kawu na cikin ruwa har ƙugu, shi kaɗai, da homar mahaifinsa. Yana kwasowa yana kaiwa gaɓa yana juyewa, ya koma. Mutane sun fara taruwa, wasu da kwanuka, ya ɗaga musu hannu ya ce ba mai cin wannan. Ya sa aka haƙa rami a gindin giyayya. Na tuɓe takalmi zan shiga in kama masa. Bai ɗago ba, ya ce, “Bari, kak ka ɓata wandonka.” Na tsaya a gaɓa da tsawona, ban taɓa jin ya yi mini yawa kamar ranar ba.

Washegari aka kira taron gaggawa, da lemo. Aka binciki lamarin sosai. Aka tabbatar ba wanda ya zuba ko ƙwayar taki a cikin turaku, don haka ba a karya doka ba. Wani ya ce zafi ne. Wani ya ce mutanen hayin iyaka ne suka zubo wani abu, ai ruwa ba ya tsayawa a shinge a duba shi. Dattijon nan mai arba'in ya ce kowane mai rai mamaci ne, aka ce haka ne. Malamin gona ya ce a rubuta cewa shi bai yarda ba, na rubuta masa a can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Daga ƙarshe Alhaji ya kawo shawarar a sake wa turaku fenti, don ruwa ya kwashe jan. Aka amince baki ɗaya.

Albasa kuwa ta yi. Ba zan yi wa Allah butulci ba, ban taɓa ganin irinta ba, kowace ɗaya sai ta cika tafin hannu. Matata ta zaɓi mafi kyau ta cika buhu, ta ce in kai wa Kawu, don ba a cire amfanin gona a manta da babba. Na san ba don al'ada kaɗai ta faɗa ba. Na yi kwana uku ina kewaya buhun kafin na ɗora shi a babur.

Na same shi a zaure. An rataye homar a bango, an wanke ta, goran iyo na ƙarƙashinta. A tsakar gida na hango akuyarsa ɗaure a wani jan turke da na sani. Ya ga na gani, ya ce ya rasa abin ɗaure ta ne, ya ga wannan ba aikin da yake yi.

Na durƙusa na gaishe shi, na jawo buhun. Na shirya magana tun daga gida, doguwa, da neman gafara a cikinta, amma da na buɗe baki sai na ji ina cewa ga ɗan abin da aka samu. Ya kwance bakin buhun, ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya auna nauyinta a hannu.

Ya ce, “Ta yi kyau ƙwarai. Allah shi yi albarka.” Ya mayar da ita. “Ka ce ma maiɗakinka ta yi haƙuri, bana ban aiko mata komi ba. Albasa dai ta samu. Abin soyawa da ita na babu.”

Na ce, “Kawu...”

Ya ce rana ta yi, kada in makara makaranta. Ya miƙe da ƙyar, ya rako ni har ƙofa kamar yadda ake raka baƙo, abin da bai taɓa yi mini ba. Na hau babur, na tada shi. Ya ɗaga hannu.

Ya ce, “Sauka lahiya, Sakatare.”

Ba a sake yin su a tafkin ba. Kawu yana nan da ransa, ina zuwa gaishe shi duk Juma'a, yana amsawa da fara'a, yana tambayar yara ɗaya bayan ɗaya. Da wannan sunan yake kirana har yau.